Ramin ƙarya ƙurarre ne, na Kola kuwa mita 12,262

Ƴan uwa, akwai wani labari da ya daɗe yana yawo a wayoyinmu. Yakan ɓace shekara ɗaya ko biyu, sai kuma ya sake ɓullowa a wani guruf na WhatsApp ko a TikTok da sabon hoto. Wai wasu Rashawa ne suka haƙa rami a Saiberiya, da suka wuce kilomita 14 sai bakin injinsu ya faɗa cikin wani kogo, zafi ya haura digiri 1,000, suka zura makirfo, sai ga ihun mutane ba adadi. Wai kukan ƴan wuta ne. A haɗo maka da odiyon, a ce ka ji tsoron Allah ka tura wa mutum goma. Da yawanmu sun ji shi, wasu ma sun yi ta musu a kansa a fada har shayi na uku ya huce.

Ramin dai akwai shi, kuma har yau babu wani rami da ɗan Adam ya haƙa da ya fi shi zurfi. Ihun kuwa ƙirƙirarre ne. Abin da ke damuna shi ne labarin ƙaryar ya danne na gaskiyar, alhali na gaskiyar ne yake da amfani gare mu, mu da ruwan shanmu da arzikin da ake ta cewa muna da shi duk ta rami suke fitowa. Don haka bari mu yi tambayar yadda ya kamata: iya ina mutum ya taɓa haƙawa, me ya tsayar da shi, kuma me ya samo?

Mu fara da wurin. Ramin ba a Saiberiya yake ba. Yana yankin Kola, can ƙuryar arewa maso yammacin Rasha, a lardin Murmansk, dab da iyakar Norway, kusa da wani garin masu haƙar ma'adinai mai suna Zapolyarny. Zamanin Tarayyar Sobiyet ne. An kunna injin ranar 24 ga Mayu 1970, da niyyar a kai mita 15,000. Aikin bincike ne zalla: so suke su fito da duwatsun da ke can ƙasa su gan su da ido. An zaɓi Kola ne domin a can tsohon dutsen asali a fili yake, babu yashi da laka masu kauri da suka lulluɓe shi, kamar dai duwatsun da ake gani a tsakiyar Damagaram. Tun daga mitocin farko cikin tsohon dutse ake.

Lokacin yaƙin cacar baka ne, ana tsere da Amurka sama da ƙasa, kuma Amurkawa sun riga su gwadawa. Su ta teku suka biyo, saboda ɓawon duniya ya fi siranta a ƙarƙashin ruwa. A 1961 suka tsayar da jirgi kusa da tsibirin Guadalupe na ƙasar Meziko, inda zurfin ruwa ya kai kusan mita 3,600, suka haƙa mita 183 a ƙasan tekun. Kuɗin aikin ya yi ta hauhawa, a 1966 majalisar Amurka ta soke shi. Sai a 1974 wasu masu neman iskar gas a jihar Oklahoma suka kai mita 9,583, inda bakin injinsu ya ci karo da narkakkiyar farar wuta, dole suka tsaya.

Rashawa sun wuce wannan lambar a 1979, a 1983 kuma suka haura mita 12,000. Daga nan aka dakatar da aikin na wani lokaci don a nuna wa baƙin da suka zo babban taron masana duwatsu na duniya da aka yi a Mosko a 1984. Da aka dawo bakin aiki, ranar 27 ga Satumba 1984, sai bututu mai tsawon kusan kilomita 5 ya tsinke ya maƙale a ciki, ba a iya ciro shi ba. Aikin shekaru ya tafi a rana ɗaya. Suka koma wajen mita 7,000 suka fasa sabon reshe. Shi ya sa in ka ga zanen ramin, ya fi kama da saiwar itace mai rassa. A 1989 reshe ɗaya ya kai mita 12,262. Shekara 19 ke nan ana abu ɗaya.

Faɗinsa kuwa santimita 23 ne kacal, kamar murfin ƙaramar tukunya. In mun auna da ma'aunin magina rijiya na gargajiya, inda gaba ɗaya take kusan mita 1.8, Kola ta kai kusan gaba 6,800. Mu da muke yi wa babban malami kirari da rijiya gaba dubu, ga rijiyar da ta ninka haka kusan sau bakwai.

Amma kada lambar ta ruɗe ku. Daga inda muke tsaye zuwa tsakiyar duniya kilomita 6,371 ne. Kola ba ta ci ko kashi ɗaya cikin 500 na wannan tafiyar ba. A ce tsakiyar duniya ita ce Damagaram, kai kuma ka taso daga Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, to duk wannan haƙan na shekara 19 bai kai ka kilomita 2 ba. Ko shingen fita gari ba ka hango ba. Ɓawon duniya kansa, wanda a ƙarƙashin doron ƙasa kaurinsa yakan kai kilomita 30 zuwa 50, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai suka huda a wurin.

To me ya hana su ci gaba? Babban abin shi ne zafi. A yawancin wurare, duk kilomita ɗaya da ka nitsa zafi yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. Dutsen Kola tsoho ne mai sanyi, don haka lissafin masana ya nuna musu za su tarar da kusan digiri 100 a ƙasan. Sai suka tarar da 180. Ku tuna mu nan in ma'auni ya nuna 45 a watan Afrilu, gari ya ɗauka ke nan, kowa neman inuwa yake. Ga kuma nauyin dutsen da ke bisa, wanda a wannan zurfin matsinsa ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau 3,000. In zafi da matsi irin wannan suka haɗu, dutse yakan daina zama dutsen da muka sani. Bangon ramin ya riƙa ɓantarewa yana matsowa, ka ciro injin ka canza masa baki, kafin ka mayar ramin ya tsuke ko ya cika da ɓaraguzai.

Sai wahalar kayan aikin kansu. Ka yi tunanin bututu mai tsawon kilomita 12 yana rataye a rami. Nauyin kansa kaɗai ya isa ya tsinka shi, shi ya sa suka yi amfani da bututun alminiyum mai sauƙin nauyi. Juya shi gaba ɗaya daga sama kamar yadda ƙananan injunan foraj suke yi ba zai yiwu ba, sai suka ɗaura injin juyawar a can ƙasa, taɓon da ake turawa da ƙarfi cikin bututun shi ke juya shi. Taɓon nan na musamman ne, shi ke sanyaya haƙoran injin, shi ke kwaso garin dutse ya fito da shi sama, shi ke tokare bangon ramin. Haƙoran kuwa cikin ƴan awowi suke cinyewa. Sai a jawo bututun gaɓa-gaɓa, a kwance, a canza baki, a sake ɗaurawa a mayar. Kusan yini guda ke nan, don a ci mitocin da da wuya su wuce goma.

Na ƙarshe shi ne kuɗi. Tarayyar Sobiyet ta wargaje a ƙarshen 1991, a 1992 aka daina haƙa. Ɗakin binciken ya yi ta jan ƙafa har aka watsar da wurin gaba ɗaya wajen 2008. Yau in ka je, kango ne da tarkacen ƙarfe, bakin ramin kuma an rufe shi da wani murfin ƙarfe mai tsatsa da aka ɗaure da manyan kusoshi.

Wani zai ce ai ya ji an wuce Kola. A tsawo, e, an wuce ta. A 2008 wata rijiyar mai a Katar ta kai tsawon mita 12,289, a 2017 kuma wata a gaɓar tsibirin Sakhalin na Rasha ta kai mita 15,000. Sai dai waɗannan rijiyoyin nitsawa suke kaɗan sannan su karkata su miƙe a kwance suna bin inda man yake. Tsawo daban, zurfi daban. Masu nitsawa tsaye kuwa har yanzu suna bayan Kola. Jamusawa sun gwada a jihar Bavariya daga 1990 zuwa 1994 da kayan aikin da suka fi na Rashawa zamani, suka tsaya a mita 9,101 saboda zafi ya haura digiri 260. Ƙasar Sin ta fara nata a hamadar Taklamakan a watan Mayu 2023, ta kammala a farkon 2025 a mita 10,910, kuma mitoci 900 ɗin ƙarshe sun ci lokaci daidai da na mita 10,000 ɗin farko, ko ma fiye. Shi kuwa mutum da ƙafarsa, mafi nisan inda yake sauka aiki shi ne mahaƙar zinariya ta Mponeng a Afirka ta Kudu, kusan kilomita 4, inda dutsen yake da zafin kusan digiri 60, sai an riƙa tura ƙanƙara ƙasa kafin ma'aikata su iya aiki.

Amsar tambayarmu ke nan: kilomita 12 da ɗoriya, kuma fiye da shekara 35 babu wanda ya ƙara ko taku ɗaya a kai.

Yanzu ga ɓangaren da odiyon ya hana mu ji. Kafin Kola, yawancin abin da masana suka sani game da can ƙasa ta hanyar sauraron girgizar ƙasa suka san shi. Girgiza tana ratsa dutse, saurinta kuma yana canzawa gwargwadon irin dutsen, sai a auna a yi hasashe. Kamar dai mai sayen kankana da ke ƙwanƙwasa ta ya ce ta nuna. A Kola, awon ya nuna saurin girgiza yana canzawa wajen kilomita 7, littattafai kuma suka ce a nan dutsen giranit ya ƙare, baƙin dutsen basalt irin na aman wuta ya fara. Haka aka koyar a jami'o'i shekara da shekaru. Da aka fasa kankanar, babu basalt. Giranit ɗin ne dai, zafi da matsi suka canza masa kama, ya tsattsage. Cikin tsagogin kuma ga ruwa, a zurfin da aka ɗauka ruwa ba zai taɓa zama ba. Wajen kilomita 6 suka sami burbushin ƙananan halittun teku har iri 24, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Taɓon da ke dawowa sama kuwa cike yake da iskar haidurojin, har yana kumfa kamar yana tafasa. Duwatsun can ƙasa an auna shekarunsu sun kai kusan biliyan 2.7.

Gani ya kori ji. Mutanen nan sun shiga da littafi a hannu, ƙasa ta nuna musu littafin ya yi kuskure, suka rubuta abin da suka gani. Duk sandar dutsen da aka ciro, waɗanda masu aikin suke kira karoti da Faransanci saboda siffarsu, an jera ta a akwati da lambar zurfin da ta fito. Ramin ya toshe, injin ya ruɓe, ƙasar da ta biya kuɗin ma ta wargaje, amma abin da aka rubuta har yau ana karatu da shi.

Shi kuma labarin ihun daga ina ya fito? A ƙarshen 1989 wata tashar talabijin ta wa'azin Kirista a Amurka, mai suna TBN, ta yaɗa shi, tana cewa daga wata jaridar Finland ta samo. Da wani ɗan jarida ya bi sawu, sai ya tarar ƴar mujallar wata ƙungiyar addini ce, ita ma daga wasiƙar wani mai karatu labarin ya samo asali, shi ma daga wani wuri ya ji, har sawun ya ɓace babu mai cewa ni na gani. Wani malamin makaranta ɗan Norway da ya ga shirin ya yi mamakin yadda aka haɗiye labarin, sai ya ƙara masa gishiri da gangan, har da wata halitta mai fukafukai da ta fito daga ramin, ya aika musu don ya ga ko za su bincika. Ba su bincika ba. Daga baya shi da bakinsa ya ce ƙirƙira ya yi. Sautin ihun kuwa daga baya aka liƙa shi, kuma masu bin diddigi sun gano an yanko shi ne daga wani fim ɗin ban tsoro na 1972 mai suna Baron Blood, aka maimaita shi aka cakuɗa. Ko babu wannan binciken ma, ramin cike yake da taɓo tun daga sama har ƙasa, ina makirfo zai ji ihu? Kuma wane makirfo ne zai rayu a digiri 1,000?

Wanda ya tura odiyon nan niyyarsa ta alheri ce, yana ganin tunatarwa yake yi. Amma sautin fim yake rabawa da sunan lahira. Lahira gaibu ce, imani da ita bai taɓa jiran makirfon Rashawa ba, kuma malamanmu kullum suna jan kunne a kan yaɗa abin da mutum bai tabbatar ba. Ranar da yaron da aka tsoratar da odiyon ya gano fim ne, me kuke jin zai yi da sauran abin da aka gaya masa?

To mu dawo gida, domin muna da alaƙa da maganar nan fiye da yadda muke zato. Kamfanin CNPC da ya haƙa ramin Taklamakan, shi ne dai yake haƙa rijiyoyin man Agadem. Duk ramin da aka haƙa, babba ko ƙarami, abu biyu yake bayarwa. Akwai abin da ake gani, ruwa ko mai ko ma'adini. Akwai kuma bayani: a mita nawa yashi ya ƙare, a ina laka ta fara, a ina aka ci ruwa, mai daɗi ne ko mai gishiri, lita nawa yake bayarwa a awa. Na farkon ƙarewa yake yi. Na biyun shi ke nuna inda za a haƙa gobe, kuma shi ke yanke farashi a teburin ciniki. A 1957 masanan Faransa da ke neman tagulla suka ci karo da uraniyum a Azelik, a 1971 aka fara fitar da shi a Arlit. Tun daga lokacin, wanda ya haƙa shi ke fara sanin abin da ke ƙasa. In mai saye ya soka ƙarfe a buhu ya ga hatsin, mai sayarwa kuwa bai taɓa buɗe buhun nasa ba, kun san wanda zai ci kasuwar.

Ku bar ma'adinai ma, mu tsaya a kan ruwa. Ƙasan Nijar ba iri ɗaya ba ne. Yammaci da tsakiyar ƙasar suna zaune a kan babban kwarin Iullemmeden, shimfiɗun yashi da laka masu riƙe ruwa da muke tarayya a kansu da Mali da Najeriya. A wasu wuraren ruwan yana kusa, a wasu sassan jihar Tawa kuwa sai an nitsa ɗaruruwan mita. Birnin Damagaram shi kuma a kan giranit yake zaune, dangin dutsen Kola, wanda ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa. Shi ya sa ake jawo wa birnin ruwa daga nesa, daga Gogo da Machaya da Aroungouza da Ganaram, shi ya sa kuma layin bidon da kurar ƴan garuwa suka zama abin da kowane ɗan garin ya tashi ya gani. Wanda bai san wannan bambancin ba zai zuba kuɗi a ramin da ba zai taɓa ba da ruwa ba.

Zurfi kuma ba shi ne tsabta ba, ko da yake da yawanmu haka muka ɗauka. Mutanen Tibirin Gobir sun san wannan da jikin ƴaƴansu. A shekarun 1980 aka haƙa wa garin foraj mai zurfi, ruwa garau, kowa ya yi murna. Ashe sinadarin fulor da ke cikinsa ya ninka iyakar miligiram 1.5 a kowace lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. An shekara fiye da goma ana sha. Haƙoran yara suka rine, ƙasusuwan ɗaruruwansu suka lanƙwashe, sai wajen shekarar 2000 maganar ta fito fili. Fulor ba shi da launi, ba shi da wari, ido ba ya ganinsa. Gwaji a ɗakin bincike ne kawai ke nuna shi, sannan a faɗa wa mutane sakamakon. Waɗannan yaran yanzu manya ne, sa'o'inmu ne ko yayyenmu.

Akwai kuma misalin da ya nuna amfanin awo. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, kowa zai ɗauka ruwan ƙarƙashin ƙasa ja da baya ya yi. Masu bincike da suka tattara awon rijiyoyin ƙauyukan gabashin Yamai sun tarar da akasin haka: ruwan ya tashi kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Dalili shi ne sare daji don noma ya sa ruwan sama yana gangarawa ya taru a tafkuna, daga nan ya tsuma ƙasa. Da babu waɗanda suka riƙa zura igiya a rijiya suna rubuta lamba tun shekarun 1960, da babu mai sanin haka. Abin da ya faru a Kola ke nan, a ma'auninmu.

Na san abin da wasu za su ce: mu da muke fama da ruwan sha, me ya haɗa mu da ramin kilomita 12? Wannan ai wasan masu kuɗi ne. Akwai gaskiya a ciki. Babu mai hankalin da zai ce Nijar ta je ta haƙa irin na Kola, kuma ita Kolar ma akwai fariya a cikinta, shi ya sa da masu fariyar suka faɗi aka bar ta ta zama kango. Jamusawa kuwa da suka tsaya, sun bar hasumiyar injin a tsaye, suka mayar da wurin cibiyar koyarwa da ƴan makaranta ke zuwa, kuma daga aikin nasu aka kafa shirin haƙan bincike na ƙasa da ƙasa a 1996. Abin da ya kamata mu ɗauka a nan ba ya buƙatar biliyoyi. Haƙan ne mai tsada, kuma kullum ana yin sa a ƙasar nan: gwamnati tana haƙa, ƙungiyoyin agaji suna haƙa, kamfanoni suna haƙa, duk mai hali a unguwa yana kiran mota ta haƙa masa foraj a gida. Takardar da za ta ɗauki bayanin ramin kuwa shafi ɗaya ce ko biyu. In an biya kuɗin rami amma bayaninsa ya tafi a jakar mai injin, to rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ku duba allunan da ake kafawa a bakin pampo. Za ka ga sunan wanda ya ba da kuɗi, da tutar ƙasarsa, da ranar da aka yanke ƙyalle. Sau nawa kuka ga an rubuta zurfin ramin, ko ranar da aka gwada ruwan, ko abin da gwajin ya nuna? A unguwanninmu ana haƙa foraj ana sayar da ruwansa, wani ma masai na maƙwabta bai fi taku goma da shi ba. Mai saye yana da haƙƙin ya san abin da yake ba ƴaƴansa.

Ga abin da nake ganin za mu iya nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Duk foraj ɗin da jama'a ke sha, na gwamnati ne ko na ƙungiya ko na ɗan kasuwa, a rubuta zurfinsa da ranar gwajin ruwansa na ƙarshe da sakamakon a jikin allonsa, da Hausa da Faransanci. Kwafin takardar kowane rami ya kasance a ofishin magajin gari da na ma'aikatar ruwa, inda kowane ɗan ƙasa zai iya zuwa ya duba ba sai ya san wani ba. Kamfanonin mai da na ma'adinai su bar kwafin bayanansu da rabon sandunan dutsensu a hannun ƙasa, cibiyar binciken duwatsu da ma'adinai ta CRGM kuma a ba ta wurin ajiya da kuɗin da za ta kula da su. Ɗaliban ilimin duwatsu na Jami'ar Abdou Moumouni da na EMIG su sami damar taɓa duwatsun ƙasarsu da hannu, su rubuta kundinsu a kansu. Akwai kuma tsofaffin magina rijiya a ƙauyukanmu, waɗanda suka san a gaba nawa ake cin ruwa a kowane kwari da kowane tudu. Iliminsu a ka yake, kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ɗalibi da waya da littafi zai iya kwashe abu mai yawa a hutu ɗaya.

In odiyon nan ya sake shigowa guruf ɗinku, kada ku zagi wanda ya turo, sau da yawa babba ne kuma da kyakkyawar niyya. Ku gaya masa cikin ladabi cewa ramin yana Kola, zurfinsa mita 12,262, zafinsa digiri 180, abin da aka samu a ciki kuma ruwa ne da tsohon dutse. Sannan a wannan makon kowa ya yi ƙoƙari ya gano abu biyu game da ruwan da ake sha a gidansu: daga mita nawa yake fitowa, kuma yaushe rabon da a gwada shi. Ku tambayi mai foraj, ku tambayi kwamitin pampo, ku tambayi ofishin magajin gari. Wanda ya sami amsa ya kawo mana da sunan unguwarsa, wanda aka hana shi ma ya faɗa mana, mu haɗa mu ga inda muka tsaya.